Auren Tsohuwar Fiya

Iskar Fabrairu ce ta kayar da ita,
tsohuwar fiyar da kakan kakana ya dasa.
Ta kwanta kan ciyawa, saiwoyi a sama,
kamar saniyar da ta gaji da tsayuwa.
Baba ya zagaya ta sau biyu da sandarsa,
ya cire hula, ya mayar,
bai ce uffan ba.

A ranar na yanko 'yan rassanta bakwai,
kowane kaurin fensir,
na binne su cikin yashi mai damshi a bayan ɗaki.

Yanzu Afrilu ne a Herefordshire.
Sanyi ya fara sakin wuyan ƙasa.
Tumakin Idwal Prosser sun cika mana gona
da jarirai masu ƙafafun tsinke,
suna tsalle ba dalili,
suna neman nono wurin uwar da ba tasu ba.
Can a ƙololuwar itatuwa kauci ya yi ƙwallo-ƙwallo,
baƙon da ya zo kwana ɗaya, ya gaje gida.

Fiya ce ke riga kowa fure.
Tuffa mai kunya ce, sai ta ga an fara
kafin ta buɗe jan bakinta.
Furen fiya fari fat, amma ƙarnin kifi gare shi,
ƙudan zumanmu ma sai sun rasa wani suke zuwa.
'Ya'yanta kuwa ba a ci,
baurinsu yana ɗaure harshe.
Sai an matse, an rufe a gangar katako, an yi haƙuri.

A ɗakin ganguna duhu ne da sanyi.
Baba ya kara kunnensa a jikin ta uku,
ya ɗaga min yatsa in yi shiru.
Ƙur, ƙur, ƙur.
"Bara ce ke magana," in ji shi,
"ba ta gama faɗin abin da ke ranta ba."

Da can shi ke yi wa itatuwa aure.
Yau hannunsa rawa yake, ko shayi sai ya zuba.
Ya miƙo min wuƙar mai ƙotar ƙaho:
"Nerys, yanka ɗaya.
Wuƙa ba ta son shawara biyu."
Na farko na ɓata. Na biyu ya sha jinin babban yatsana.
Na uku ya zauna daram,
kore ya haɗu da kore a ƙarƙashin ɓawo.
Na ɗaure, na shafe bakin da kakin zuma.
Biyar suka samu gida.

Daren Talata rediyo ta ce raɓa za ta daskare.
Ba abin da mutum zai yi, amma barci ya ƙi.
Ƙarfe huɗu na fita da tocila,
ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi.
Da hantsi na tsaga fure da farce:
na gefen rafi zuciyarsu ta yi baƙi,
na kan tudu sun sha da ƙyar.
Rabin kaka ya tafi a dare ɗaya,
ko ƙarar tafiyarsa ba mu ji ba.

A hanyar komawa na gan ta.
Tsohuwar, a kwance, ta yi fure.
Saiwa ɗaya tal ta rage mata a ƙasa,
da ita take sha.

Na tambayi Baba yaushe biyar ɗin za su cika ganga.
"Shekara talatin, in sun ga dama."
Shekarunsa tamanin da ɗaya.
Ya karanta lissafin a fuskata, ya yi dariya:
"Ni ma ban san fuskar wanda ya dasa tawa ba."

Jiya kafinta ya zo daga Ledbury da zarto a mota,
yana son katakon, zai yi kujeru.
Baba ya tsaya tsakaninsa da ita.
"Ka dawo a Yuni," ya ce.
"Ba ka ga tana aiki ba?"